Dannawa Ta Biyu

Injiniya yana durƙushe a ƙarƙashin tebur, kansa a ciki, sauran jikinsa a waje, yana jan wayoyin da shi kansa ya san lafiyarsu ƙalau. Minti ashirin ke nan yana wannan aikin. Duk wanda ya leƙo ɗan ɗakin kwamfutar sai ya ga tafin takalminsa da ya cinye ta gefe ɗaya, ya ce Allah ya taimaka, ya ja ƙofa. Abin da yake so ke nan. A duk faɗin asibitin, ƙarƙashin teburin nan ne kaɗai wurin da ba a kallon fuskar mutum.

A waje kuwa baranda ta cika maƙil. Mutum ɗari da arba'in da wani abu aka buga wa waya su dawo a sake ɗibar jininsu, domin sakamakon gwajin kwana shida ya ɓace daga kwamfuta jiya da yamma, kaf, kamar an bi da tsintsiya. Akwai wani tsoho da aka hana karyawa, yana ta shaida wa kowa cewa jikinsa ba rijiya ba ne. Akwai matar da aka shirya yi wa tiyata da safen nan aka ɗaga, mijinta yana kai da kawowa da jakar kayanta a kafaɗa, ya rasa wanda zai yi wa faɗa.

Wadda aka ce ta yi ɓarnar tana zaune a kan benci a bakin ɗakin gwaji, hannuwanta a kan cinya, an hana ta taɓa komai. Ita ce akawun ɗakin, shekararta ashirin da uku a kan kujera ɗaya, saura biyu ta yi ritaya. Kowa Yaya yake ce mata, har likitocin da suka girme ta. Amma a wurin Injiniya yaya ce ta gaske: yayar matarsa ce, ita ta riƙe matar tun tana yawo ba ɗankwali. Ita ce kuma ta kawo shi asibitin, lokacin yana gyaran firinta a wani shago da ko taga ba shi da ita. Ta shiga wurin manajan wancan lokacin ta ce mijin ƙanwarta injiniya ne. Daga bakinta sunan ya fito, ya kuma manne. Takardar injiniya dai har yau babu wanda ya ce ya gani. Sai dai a faɗi gaskiya, manhajar da ya rubuta musu ta yi shekara goma sha ɗaya ko tari ba ta yi ba.

Laifin Yaya shi ne komai sau biyu take yi. In ta kulle ƙofa sai ta koma ta girgiza ta. In ta tambaye ka ko ka ci abinci ka ce ka ci, sai ta ce ka dai ci ko? To haka take yi wa kwamfuta. In an tashi aiki akwai maɓallai biyu da ake dannawa tare don manhaja ta adana aikinta ta rufe. Yaya takan danna, ta sake dannawa, sannan hankalinta ya kwanta.

Ga yadda abin yake, in ji masu saninsa. In an danna maɓallan nan, kwamfuta tana aika wa manhaja ɗan saƙo, kamar dai a taɓa kafaɗar mutum a ce masa tashi. Manhajar da ba a koya wa komai ba, tana jin taɓin sai ta faɗi nan take da duk abin da ke hannunta. Don haka wanda ya rubuta ta yakan bar wa kwamfuta sallahu: in saƙon nan ya zo kada a kashe ta, a bari ta tattara kayanta tukuna. Hanyar barin sallahun iri biyu ce. Akwai tsohuwa, sigina suke ce mata, layi ɗaya ce tak. Akwai sabuwa, wai ita sigakshan, mai son dogon bayani, sai ka cika mata komai kamar fom ɗin neman aiki. Aibun tsohuwar shi ne ba ta da hali ɗaya. A wata kwamfutar tana riƙe sallahu har abada, in saƙo na biyu ya zo ana cikin tattara kaya ta ce masa ya jira a bakin ƙofa. A wata kuwa sau ɗaya take cika alkawari. Tana amsa saƙon farko sai ta manta da sallahun, na biyu in ya zo ya tarar babu mai tsaro, ya yi abin da ya saba.

Tsohuwar kwamfutar asibitin irin ta farko ce. Sabuwar da Manaja ya sayo a makon jiya irin ta biyu ce. Manhajar Injiniya kuma in za ta adana, sai ta fara zazzage fayil ɗinta tas sannan ta sake zuba komai daga farko. Dannawa ta biyu ta same ta ne fayil yana fanko.

Kuma ba a ce ba a faɗa masa ba. Kamfanin da ya sayar da kwamfutar ya turo wata ma'aikaciyarsa ta haɗa, doguwa mara yawan magana, wadda masu shara suka sa wa suna Mai Tabarau tun ranar farko. Ta karanta rubutun Injiniya, ta sa yatsa a kan layin nan, ta ce gara a mayar da shi sabuwar hanya. Kuskurenta ɗaya, a gaban Manaja ta faɗa. Injiniya ya yi 'yar dariyarsa ta hanci, ya ce layin nan ya girmi takardar shaidarta ta makaranta. Manaja ya ƙyalƙyale har da buga tebur. Ita kuwa ta rufe jakarta.

Kwana biyar Injiniya da kansa yake rufe sabuwar kwamfutar, yana yi yana waiwaye ko ana kallonsa. Ajiyar kwafi ta kullum da ya kamata ya haɗa, kullum sai ya ce gobe. Rajistar takarda kuma Manaja ya riga ya hana, wai zamaninta ya wuce. A rana ta shida Injiniya ya ce wa Yaya ta rufe in ta gama, shi zai je aski.

Ƙofa ta buɗe a hankali. Daga ƙarƙashin tebur ya ga silifas ɗin da ya sani.

"Ƙanena, fito ka sha shayi. Tun safe kake nan ciki kamar ɓera."

Ya fito da baya, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Yaya ta ajiye kofin a inda ba zai zube wa waya ba, ta sake matsar da shi. Idanunta sun kumbura amma ɗankwalinta a ɗaure yake tsaf. Ta ce masa jiya ba ta runtsa ba, kuma ba don aikin ba, don shi. Shi ya gina abu shekara goma sha ɗaya ana yabo, ita ta zo ta rushe masa da ɗan yatsa ɗaya. Ta ce ta san yanzu ana can ana cewa dangin matarsa sun ja masa.

"Yaya, ki bar wannan maganar," ya ce, yana kallon shayin.

"Abu ɗaya nake roƙonka. Ƙarfe biyu in mun shiga wurin Manaja, ka ce masa ba da gangan na yi ba. Kai yana jin maganarka."

Ya ce zai faɗa. Ta tambaye shi ko zai faɗa ɗin. Ya ce zai faɗa.

Da ta fita ya murza makulli, ya zauna. Ya ɗauko kwafin manhajar ya gwada a gefe: dannawa ɗaya, ta adana ta rufe lafiya. Dannawa biyu, ta mutu. Sau uku yana gwadawa, ko Allah zai sa ta canja ra'ayi. Ba ta canja ba. Sai ya goge layinsa mai shekara goma sha ɗaya, ya rubuta na Mai Tabarau a wurin. Layi bakwai ne, minti huɗu suka ɗauke shi, har da gyaran waƙafi. Ya danna sau biyu, sau biyar, sau goma a jere kamar mai jin haushin maɓallan. Manhaja ta gama tattara kayanta a natse, ta rufe.

Ya daɗe yana kallon allon. Minti huɗu.

Ya ce wa kansa dole a sa gyaran nan a kwamfutar ɗakin gwaji yanzu, domin ga jinin mutane ana sake ɗiba, kada a maimaita. Wannan gaskiya ne, babu wanda zai ja. Ya sa. Sannan ya ce wa kansa barin tsohuwar manhajar a nan haɗari ne, wani zai iya kunna ta bisa kuskure. Ya goge ta. Ya goge kwafinta ma. Wannan kam ko shi bai tsaya sauraron dalilin da ya ba kansa ba. Ya shanye shayin da ya huce, yana shirya yadda zai yi bayani a taron: zai faɗi gaskiya mana, in dai an yi masa tambayar daidai.

Ofishin Manaja ƙamshin turare ne kawai da sanyin na'ura. Mutum ne mai fesa turare kamar da shi ake biyansa albashi, ga zobe a yatsa uku. Ya sa Yaya ta zauna a kujerar da ta fi kowace gajarta. Mai Tabarau ta iso a makare da zufar bas a goshinta, kamfani ya turo ta ta ji ko laifin kwamfutarsu ne.

Manaja ya tambayi Yaya me ta yi jiya. Ta ce ta danna sau biyu. Ya ce wa ya koya mata sau biyu? Ta ce babu, haka take yi tun ranar da aka kawo manhajar, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Ya juya ga Injiniya ya tambaye shi ko wannan zai iya share aikin kwana shida. Injiniya ya gyara zama ya ce to, yana iya yiwuwa, ya danganta, domin ita kwamfuta abu ce mai sarƙaƙiya. Ya yi magana ta minti uku wadda in ka matse ta ko ɗigo ba za ka samu ba. A ƙarshe ya ƙara da cewa shi dai ya san ba da gangan aka yi ba. Yaya ta dube shi ta gyaɗa kai, alamar godiya.

Mai Tabarau ce ta kasa haƙuri. Ta ce da izinin Manaja, manhajar da dannawa biyu za ta kashe, laifin ba na mai dannawa ba ne. Ta ce tsohuwar hanyar nan ba ta da tabbas daga kwamfuta zuwa kwamfuta, kuma ta faɗa tun ranar haɗawa. Ba sai an yi musu ba, a tashi a je ɗakin gwaji yanzu, ta kwafe aikin yau a gefe, kowa ya danna sau biyu ya gani da idonsa. Ko shi Manaja ya danna, mutuwa za ta yi.

Baiwar Allah, taimako ta zo yi.

Suka ɗunguma zuwa ɗakin gwaji, masu jiran layi suna buɗe musu hanya, ma'aikata suna leƙowa ta taga kowa da abin da ya ƙirƙiro zai ɗauka a can. Mai Tabarau ta kwafe aikin. Manaja ya naɗe hannun riga, ya miƙa yatsun nan masu zobe, ya danna, ya sake dannawa.

Manhaja ta adana ta rufe lafiya lau.

Aka sake kunnawa. Ya danna sau uku. Lafiya lau. Ya ce wa Yaya ta zo ta danna yadda ta yi jiya. Ta zo, ta danna, ta sake. Lafiya lau.

Mai Tabarau ta cire tabaranta ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta sunkuya ta rubuta wani abu, ta karanta abin da ya fito, ta ɗago.

"Injiniya, an taɓa manhajar nan yau?"

"Wayoyi kawai na duba."

"Ga shi ta nuna an sauya ta ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in."

"Agogon sabuwar kwamfutar ne," ya ce. "Tun da aka kawo ta bai zauna daidai ba."

Ƙaryar farko ce ta yi masa nauyi a baki. Ta biyu da kanta ta fito, har ya yi mamaki. Mai Tabarau ta nemi tsohon kwafi ta kwatanta, babu. Ta dubi Manaja ta ga har ya fara murmushin nan na ranar haɗawa, sai ta ja bakinta. Kamfani bai turo ta faɗa da masu sayen kayansa ba.

Manaja ya sauke hannun rigarsa yana ɓalla maɓalli a hankali. Ya ce to, kowa ya gani, dannawa biyu ba ta yin komai. Ke nan ba ita ta share aikin ba. Ke nan akwai abin da aka yi jiya da yamma wanda ba a faɗa masa ba. Ya ce shi ya san ana samun akawun da wani zai roƙa ta ɓatar masa da sakamakon da ba ya son a gani, garin share ɗaya ta share duka. Bai ce Yaya ta yi ba, in ji shi, amma asibiti ba zai riƙe wanda ba ya faɗin gaskiya ba.

Da safe kuskure ake cewa ta yi. Yanzu ta zama maƙaryaciya, a gaban tagar da ta cika da kawuna.

"Ƙarya kuma?" Yaya ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni?"

Ta juya ta dubi Injiniya. Ba kallon tuhuma ba ne, da ma shi ne. Kallon wanda ya ɓata hanya ne ya hango ɗan gida. Injiniya ya buɗe baki. Yanzu kam abu biyu zai faɗa, ba ɗaya ba: layin da ya ƙi gyarawa, da abin da ya yi ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in, ga kuma maganar agogo da ko minti biyar ba ta yi da fita ba. Ya rufe bakin, ya dubi wayar da ke bin bango.

Yaya ta kwance makullan ɗakin daga bakin zanenta ta ajiye a kan tebur. Manaja ya ce takarda za ta same ta gobe.

Kayanta na shekara ashirin da uku leda ɗaya suka cika: kofi, ɗan matashin da take jingina baya, man zafi, da hoton 'ya'yan ƙanwarta, wato 'ya'yan Injiniya, su huɗu a jere da kayan makaranta. Da za ta wuce ta tsaya a gabansa ta ce ya yi iya ƙoƙarinsa, ta ji da kunnenta, Allah ya saka. Ta bi ta tsakiyar masu layi. Tsohon nan mai maganar rijiya ya matsa mata.

A baranda Mai Tabarau ta tarar da shi, jakarta a kafaɗa.

"Layi nawa ka sauya?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama. "Bakwai."

"Na karanta su. Ka rubuta su daidai." Ta gyara tabaranta ta tafi neman bas.

Har ƙarfe huɗu da rabi yana zaune a ɗan ɗakinsa bai kunna komai ba. Sannan ya tashi ya tafi ofishin Manaja, ya same shi yana zuba takardu a jaka. A tsaye ya faɗi komai, tun daga dariyar ranar haɗawa har zuwa agogo, bai rage ba. Abin da ya gagare shi a gaban mutum goma ya fito sumul a gaban mutum ɗaya, bayan an gama ɓarna.

Manaja ya saurara har ƙarshe. Ya je ya tura ƙofa, ya dawo ya zauna a gefen tebur. Ya ce rahoto ya riga ya tafi wurin masu asibiti tun ƙarfe uku, da sa hannunsa a ƙasa, kuma shi ba ya aika rahoto biyu a kan magana ɗaya. Ya ce akawu, in ya buga waya yanzu, gobe da safe zai samu goma a bakin ƙofa. Amma wa zai karanta masa manhajar nan in Injiniya ya tafi? Injiniya ya ce to a kore su tare, ko a kore shi a dawo da ita. Manaja ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa, ya bar masa ƙamshi a riga.

"Ban ji komai ba. Kai ma ba ka ce komai ba. An dai gyara ko?"

"An gyara."

"To madalla. In rage maka hanya?"

Ya ce a'a, da babur ɗinsa ya zo.

A gida ya tarar da matarsa a tsakar gida da mayafi a kafaɗa, ta sa takalmi, idanu jajir. Ba ta bari ya kafe babur ba. Ta ce Yaya ta bugo, kuma ka san me ta ce? Ba ta yi maganar aikin ba, ba ta yi maganar ritayar da ta tafi a banza ba. Cewa ta yi a ba Baban yara haƙuri, ta sa shi jin kunya a wurin aikinsa, kada ya ɗauki abin a ransa. Matar ta share hanci ta ce Allah ya so yana wurin, da Yaya ita kaɗai za ta tsaya a gaban mutumin nan mai warin turare. Ta ce ya juya babur ya kai ta.

Duk hanya tana magana a bayansa, iska tana kwashe rabi. Yadda Yaya ta sayar da keken ɗinkinta ta sa ta makaranta. Yadda ta hana ta auren wani mai shagon taya ta ce ga yaro mai ƙwaƙwalwa. Injiniya yana kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar wanda ba ya son isa.

Ɗakin Yaya ɗaya ne da 'yar baranda. Ledar kayanta tana nan a bakin ƙofa ba a kwance ba. Tana ganinsu ta miƙe, ta hau faɗan me ya fito da su, yara fa, wa aka bar wa su. Ta janyo kujerarta mai hannu, ita ke nan guda ɗaya a ɗakin, ta kaɗe ta da gefen zane, ta tura masa.

"Zauna, Injiniya. Ka sha wahala yau."

Ya cire takalmi. Ya dubi kujerar, ya kewaye ta, ya zauna a ƙasa kan siminti daf da ƙafafunta. Matarsa da ke shirin cire mayafi ta tsaya da hannu a sama.

"Yaya," ya ce, "ke za ki zauna. Ba hannunki ba ne. Ki bari in faɗa miki tun daga farko, ita ma ta ji."